Zanen Zamani a Yammacin Kano: Jama'a Kafin Gini

Duk wanda ya bar Kabuga ya miƙi titin Gwarzo, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Janguza da Rimin Gado, ya ratsa ƙasar Kabo har ya sauka Gwarzo, ya yi tafiyar kimanin kilomita 70 ke nan, kuma idonsa bai huta da kallon zane ba. Ga bayan manyan motoci an ƙawata su da ɗawisu da zaki da bishiyar dabino. Ga allunan masu aski da masu gyaran waya, kowanne da hannun wanda ya zana shi. Ga huluna jere a rana bayan wanki, ga tsofaffin soraye masu dagi a goshi. Abin da ba zai gani ba shi ne ɗaki guda da aka keɓe don a rataya aikin wani mai zane, a rubuta sunansa a ƙasa, a ce wa jama'a su shigo su kalla su tofa albarkacin bakinsu.

Ba Gwarzo da Kabo kaɗai abin ya shafa ba. Ko a cikin birni, gidajen da aka fi sani na tarihi ne. Gidan Makama, da ke daura da fadar sarki, tarihinsa yana komawa zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, yau kuma yana hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a 1909, yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Taskoki ne masu daraja, babu mai musu. Sai dai aikinsu adana abin da ya shuɗe: ƙyamaren ƙofofin ganuwa, sulke da kwalkwali, hotunan sarakuna. Yaron da makarantarsu ta ɗauko daga Getso ko Garo, in ma an taɓa ɗauko shi, zai zaga da hannuwa a baya, malami na gargaɗin kada wanda ya taɓa komai, ya koma gida da tunanin cewa fasaha aba ce da mutanen da suka mutu suka yi suka gama.

Gidan fasahar zamani ba haka yake ba, saboda masu aikin da ke cikinsa suna nan da ransu. Ana iya kiransu, a tambaye su, a yi gardama da su. Shi ya sa a irin waɗannan gidaje ake ware ma'aikata waɗanda aikinsu ba rataya zane ba ne, jawo mutane ne: su shirya zagayen da jagora zai yi bayani, su kira mai zane ya zauna da ɗalibai su yi aiki tare, su ba wani masauki na wata biyu ko uku a unguwa ya yi aikinsa a idon maƙwabta, su ɗauki kaya su kai makarantu da asibitoci. A watan Agustan 2022, a birnin Prague, majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sabunta bayanin abin da ake kira gidan adana kaya, ta sanya hannun al'umma a cikin sharuɗɗansa. Ma'ana, ginin da ya cika da kaya amma mutanen gari ba su da ta cewa a cikinsa, bai cika sunansa ba.

To, in da za a yi irin wannan a yammacin Kano, da me za a fara? Amsar da aka saba da ita sananniya ce: a ba da kwangila, a yi gini, a yanka zare, a ɗauki hoto, maigadi ya sa kwaɗo. Kamar a kafa rumfa ne a inda kasuwa ba ta ci. Abin da ya faru a wurare da dama yana nuna cewa jama'a ake fara samu, gini ya biyo baya.

Akwai abin mamaki a tarihin zanen zamani na Nijeriya: a ƙasar Hausa aka raɗa masa suna, amma kusan babu 'yan gida a wurin. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo da abokansu suka ƙi yarda su riƙa kwaikwayon Turawan da ke koyar da su kawai, suka ce sai an gauraya dabarun zamani da gadon gida. Fitattunsu duk daga Kudu suka zo, kuma gadon da kowa ya koma wa na garinsu ne. Da suka gama, suka tafi Ibadan da Legas da Enugu, kasuwar zanen ta bi su. Zariya ta ci gaba da yaye ƙwararru, irin su Gani Odutokun da ya rasu a 1995 da Jerry Buhari, amma tazarar da ke tsakanin ɗakin zane na jami'a a Samaru da maɗinkin babbar riga na cikin birnin Zazzau ta fi 'yan kilomitocin da ke tsakaninsu nisa.

A 1976 an yi gagarumin baje kolin fasahar Hausawa, wanda David Heathcote, malami a jami'ar Zariya, ya tattara: riguna masu aska, huluna, kayan fata, alluna. A Landan aka yi shi. Turawa sun kalla sun yaba. Waɗanda suka yi ɗinkin da jimar, galibinsu ko labari ba su ji ba.

Wannan shi ne ciwo na farko. Ba masu fasaha aka rasa a Gwarzo da Kabo ba, suna aka hana su. Alaramman da ya kwashe makonni yana zayyana a allon sauka, yana auna da'ira da layi da tawada baƙa da ja da rawaya, aikin da yake yi ba ya ƙasa da na wanda ake kira mai zanen siffofin lissafi a Turai. Matar da ke zaune a tsakar gida da allura tana ƙirƙiro sabon zanen hula, dillaliya ce ke karɓa, ɗan kasuwa ya sayar, mai sawa ya sha yabo, ita kuwa ko sunanta ba a ji. Haka mai zanen lalle, da masassaƙin ƙwarya, da maginin da ya iya shafe da makuba, da yaron da ke zana hoton 'yan ƙwallo a bangon gidan kallo. Labarin Ladi Kwali ya isa misali. Maginiyar tukwane ce ta ƙauye, wurin 'yar uwar iyayenta ta koya. A 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. Hannunta bai sauya ba, ƙadangarun da kifayen da take zanawa su ne dai. Abin da ya sauya shi ne an fara ambaton sunanta tare da tukunyar. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa, yau kuma hotonta ne a bayan naira 20.

Ciwo na biyu ya fi wuyar taɓawa, shi ne batun sura. Mutanen wannan yanki Musulmi ne masu kishin addininsu, kuma sun taso da sanin cewa akwai magana mai nauyi a kan sassaƙa ko zana abu mai rai. A 2021 Hukumar Hisba ta Kano ta hana teloli da masu shaguna amfani da mutum-mutumi mai kai wajen tallar tufafi. Wanda ya zo da shirin fasaha ya yi kamar bai san da wannan ba, to bai shirya aiki ba. Wanda kuma ya ce saboda haka fasahar zamani ba ta da gurbi a nan, bai leƙa duniyar Musulmi ba.

Ibrahim El-Salahi ɗan malamin allo ne daga Omdurman a Sudan. Ya yi karatun zane a Landan, ya dawo gida a 1957, ya baje aikinsa a Khartoum irin yadda aka koya masa. Mutane suka zo buɗewa, suka gaisa, suka watse, zanen bai ce musu komai ba. Maimakon ya zarge su da rashin wayewa, sai ya shiga gidajensu yana duba abin da suke ratayawa a bango. Ya tarar rubutun ayoyi ne da adon gargajiya. Ya koma kan harafin Larabci da allon da ya sani tun yana yaro, ya gina sabon salo a kansu. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya yi baje kolin aikin rayuwarsa gaba ɗaya. Bai kai can ba sai da ya fara sauraron mutanen garinsu.

Alhazan Kano kuwa sun san tashar alhazai ta filin jirgin Jidda, mai rufi kamar tantuna. A ɓangaren yammacinta ne Saudiyya ta buɗe baje kolin fasahar Musulunci a farkon 2023, inda aka haɗa tsofaffin kayan Makka da Madina da sababbin ayyukan masu fasaha na wannan zamani. A karo na biyu, a 2025, har kiswar Ka'aba aka baje sukutum. Ke nan ba a rasa hanya ba. Abin da ake bukata shi ne a zauna da malamai tun kafin a fara, ba bayan hayaniya ta tashi ba.

Kano ta ga abin da rashin yin hakan ke jawowa. A 2016 gwamnatin tarayya ta sanar da gina ƙauyen shirya finafinai a Kofa, ƙaramar hukumar Bebeji, aikin da aka ce zai ci naira biliyan 3. Malamai suka hau mumbari, kafofin sada zumunta suka ɗauka, cikin 'yan kwanaki aka janye. Kowa na da ra'ayinsa a kan wanda ya fi gaskiya, amma abu guda ya fito fili: an gama tsara abin a ofis kafin a tambayi waɗanda za a ajiye shi a ƙofar gidansu. Kada kuma a ce halin Arewa ne. A Nuwamban 2025, a birnin Benin, masu zanga-zanga sun kutsa harabar sabon gidan fasahar Afirka ta Yamma, MOWAA, ana tsaka da zagayawa da baƙin ƙasashen waje, dole aka ɗage buɗewa. Gini ne da ya ci miliyoyin daloli, amma saɓanin da ke tsakanin masu shi da fadar Oba da gwamnatin jiha bai warware ba.

Misalin da ya fi kusa da halin da Gwarzo da Kabo ke ciki yana arewacin Gana. Tamale gari ne na Musulmi mafi yawa, ƙasar kaɗanya da dawa, nesa da Accra inda kuɗi da masu sayen zane suke, kuma ana jin Hausa a kasuwarsa. A can aka haifi Ibrahim Mahama a 1987. Ya yi suna da ɗinke tsofaffin buhunan koko da gawayi, yana lulluɓe manyan gine-gine da su, har a baje kolin Venice na 2015. (Wanda ya san kasuwar Dawanau ya san irin labarin da tsohon buhu ke ɗauke da shi: tambarin 'yan kasuwa, faci a kan faci, gumin 'yan dako.) Da kuɗi suka shigo, bai tare a Landan ba. A 2019 ya buɗe cibiyar fasahar zamani ta Savannah a Tamale, a 2020 ya ƙara da Red Clay a bayan gari, a 2021 ya farfaɗo da wani rumbun siminti da aka yi watsi da shi tun zamanin Nkrumah. Shiga kyauta ne.

Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda ya jawo yara. Ya sayi tsofaffin jiragen sama da suka daina tashi, aka ɗora su a manyan motoci aka ratsa ƙasar da su zuwa Tamale, jama'a na fitowa bakin titi kallo. Ya girke su a fili ya mayar da cikinsu azuzuwa. Yaron da bai taɓa kusantar jirgi ba sai ga shi zaune a ciki ana koya masa zane da kwamfuta. Ba a ce masa zo ka ga fasaha ba, jirgi ya zo gani, fasahar ta same shi a can. A ƙarshen 2025 mujallar ArtReview ta sa Mahama a kan gaba cikin mutum 100 mafi tasiri a fasahar duniya, kuma waɗannan cibiyoyi na cikin dalilan.

Mutumin Kabo ba zai ji wannan labari bai yi murmushi ba, domin sunan garinsu ya daɗe yana shawagi a jikin Boeing 747. Kamfanin Kabo Air, da marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa a 1980, ya yi shekaru yana jigilar alhazai. Hotunan waɗannan tafiye-tafiye, da akwatunan tsaraba, da tsofaffin fasfo, da labaran tsofaffin da suka hau, suna nan a ɗakunan mutane. Mai ɗaukar hoto guda da mai rikoda guda sun isa su haɗa baje kolin da duk garin zai fito kallo, saboda kowa zai zo neman kakarsa a bango.

Maƙwabciyarmu Nijar ta daɗe da gano wannan. Gidan tarihi na ƙasa a Yamai, wanda aka buɗe a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama, ba gini guda ba ne, fili ne mai faɗi. Akwai ɗakunan kayan gargajiya, akwai ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare tun zamanin da, akwai ragowar bishiyar nan ta Tenere, akwai gidan namun daji da yara ke rububi. A tsakiyar duk wannan, maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa suna zaune suna aikinsu, baƙo ya tsaya ya kalla, ya yi ciniki, ya saya. Mai sana'a ba hoto ba ne a bayan gilashi, da sana'arsa yake ci a wurin. A Dandaji kuma, wani garin Hausawa a jihar Tawa, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun jagoranci aikin da aka kammala a 2018: aka gyara tsohon masallacin ƙasa ya zama ɗakin karatu, aka gina sabo kusa da shi, da hannun maginan yankin. Ilimi da ibada suka zauna a harabar guda ba tare da faɗa ba.

Sauran misalan ba sai an tsawaita ba. Gidauniyar Zinsou ta fara a Kwatano a 2005, ba ta karɓar kuɗin shiga, kuma motarta ke zuwa makarantu ta kwaso yara. Gidan Zeitz MOCAA na Cape Town, da ya sake buɗewa a 2020 bayan kullen korona, cewa ya yi mutanen gari su kawo abin da ke rataye a gidajensu, aka tara ayyuka kusan 2,000, na ƙwararru da na yara a bango guda. A Osogbo kuwa, bitar 'yan kwanaki da Georgina Beier ta shirya a 1964 ita ta fito da Twins Seven-Seven, wanda ɗan rawa ne, da Jimoh Buraimoh, mai gyaran lantarki. Takarda da fenti aka miƙa musu, ba a tambaye su takardar makaranta ba.

Ɗaukar abin kallo a kai wa mutanen karkara ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. Dattawa suna tuna majigi: mota ta iso da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi ko dagaci, bayan isha gari ya hallara, mai bayani na fassarawa da lasifika. Farfagandar gwamnati ce galibi, amma masu shirya ta sun san abubuwa uku da masu shirin zamani kan manta: sun bi ta hannun masu gari, sun zo lokacin da mutane suka sarara, sun yi magana da Hausa.

Lokacin nan shi ne rabin aikin. Gwarzo da Kabo ƙasar manoma ce. Wanda ya sa taron bita a tsakiyar damina, ranar Talata da hantsi, kujeru zai yi wa jawabi. Bayan kaka ne aljihu ke da nauyi, jiki ya huta, bukukuwa su kankama. Ranar kasuwar Getso, mutanen da ke taruwa daga ƙauyukan Kano da na Katsina sun fi waɗanda wani gidan zane na birni zai gani a wata guda, kuma rumfa biyu da tabarmi sun isa a baje hotunan makiyaya da dillalan shanu a gabansu su da kansu. Almajiran tsangaya suna hutu Alhamis da Juma'a, kuma su ne yaran da suka fi kowa sanin riƙon alƙalami da haɗa tawada. In malaminsu ya amince, ba a bukatar koya musu komai daga farko, faɗaɗa musu takarda kawai za a yi.

Mata kuwa, waɗanda su ne suka fi yawa a cikin masu aikin hannu, ba za su zo zauren ƙaramar hukuma su zauna cikin maza ba. Shirin da ke son su sai ya shiga gida, ta hannun mata 'yan uwansu, ko ta makarantun Islamiyya na matan aure. A nan ne kuma ake gane mai gaskiya. An sha ganin ƙungiyoyi su iso da farar mota, su rataya ƙyalle mai tambari, su raba lemo da kuɗin mota, su ɗauki hoton matan riƙe da kayansu, su tafi. Hoton ya shiga rahoto ya jawo tallafi, matan ba su sake jin ɗuriyar kowa ba. Wannan ba haɗa kai da jama'a ba ne, aron fuskokinsu ne. Ƙa'idar ba ta da wuya: a biya mai aiki ladan lokacinta, a rubuta sunanta in ta yarda kuma mijinta ko iyayenta sun sani, a nemi izini kafin hoto, in an sayar da aikin a faɗa mata nawa aka sayar. Bayanin da za a liƙa kusa da aiki a yi shi da Hausar boko da ajami, domin akwai dattawa da yawa da ajamin ne karatunsu.

Za a ce mutanen da ke fama da tsadar taki da rashin magani a asibiti ina ruwansu da zane? Tambaya ce mai nauyi, kuma duk wanda ya raina ta bai san karkara ba. Amma waɗannan mutanen ne dai ke biyan mai lalle ranar biki, su sayi hula mai tsada don sallah, su yi wa doki kwalliyar da ta kai hawan sallar Kano shiga kundin UNESCO a Disamban 2024. Ba son kyau suka rasa ba. Kuma zanen zamani ba ado kaɗai ba ne, hanya ce ta faɗin abin da ke damun mutum. Fati Abubakar ta ɗauki kyamara ta nuna rayuwar yau da kullum a Maiduguri lokacin da duniya ba ta ganin komai a Borno sai bam. Matashin Lakwaya ko Kutama da ke riƙe da waya zai iya yin haka da zaizayar ƙasa, ko ci-rani, ko ajin da rufinsa ya yaye. Sannan akwai tarihin da ke kwance ba mai tada shi: Gammo, Kabo, Masanawa da Godiya duk sun fito a labarin jihadi a ƙasar Kano a farkon ƙarni na 19, kuma yaran da ke zaune a garuruwan ba kasafai ake nuna musu hakan ba. Mai zane da malamin tarihi da dattawan gari za su iya mayar da shi bangon makaranta.

Saura batun kuɗi da mazauni. Gidan Yemisi Shyllon da aka buɗe a 2019 a Jami'ar Pan-Atlantic ta Legas, mutum guda ne ya ba da ayyuka 1,000 daga taskarsa, jami'a kuma ta ɗauki nauyin riƙewa da koyarwa da su. Dabarar jingina irin wannan gida da makaranta tana da amfani, domin jami'a ba ta tashi in gwamnati ta sauya, kuma tana da ɗalibai da ɗakuna da ma'aikata. Kabo yanzu tana da babbar makarantar tarayya: kwalejin kimiyya da fasaha da aka kafa a garin, wadda aka ɗaga zuwa jami'a a 2025. Yankin kuma bai rasa masu hali da masu faɗa a ji ba, daga majalisar dattawa har masu jami'o'i na kansu. Haɗarin dai shi ne abin ya zama na jam'iyya. Ranar da aka liƙa hoton ɗan takara a ƙofar, rabin gari ya daina shiga.

Kuɗin farko ma ba na siminti ba ne. Albashin mutum biyu ne ko uku 'yan yankin, mace a cikinsu, waɗanda za su bi gunduma gunduma su rubuta wa ke zayyana, wa ke saƙa, wa ke zanen mota, wa ke ɗaukar hoto. Sai kuɗin takarda da fenti da man mota, da ladan masu zane daga Zariya ko Kano da za su zo su zauna wata guda a gari, ba yini guda ba. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa na da kayan da za a iya kwafa ko a ɗauki hotonsu a zaga da su makarantun sakandare, kuma ranar 18 ga Mayu ta kowace shekara, da duniya ta ware wa gidajen tarihi, ba dole ne kullum a yi ta a cikin birni ba.

In an yi rani uku ana haka, za a san ko ana bukatar gini, da inda ya dace a yi shi, da abin da za a sa a ciki, kuma mutanen da za su cika shi sun riga sun san nasu ne. Kira dai ga shugabannin jami'ar Kabo, da Hukumar Tarihi da Al'adu, da hakiman garuruwan biyu: kada a jira kasafin gini. A ba da aron aji guda da ranin bana, a gayyaci alaramma mai zayyana da mai ɗinkin hula da mai zanen mota, a biya su, a rubuta sunayensu a bango, a buɗe ƙofa bayan la'asar.